Baƙin Lalle a Makon Ƙanƙara

Gidan da muka zauna a Greenbelt, kusa da birnin Washington na Amurka, bene ne mai hawa uku, mu muna na tsakiya, kuma duk wanda ya gina shi bai taɓa zama da yara ba. In ɗana ya diro daga kan kujera, sai fitilar mutanen ƙasa ta girgiza. Mutanen ƙasan kuwa mutum ɗaya ce, wata tsohuwar Baturiya da kyanwarta. Tagarta tana kallon ƙofar shiga gidan, labulenta kullum a ɗage kamar faɗin tafin hannu. Tun makon da muka tare na ce wa maigidana matar nan ƙirga mu take yi. Ya ce ni ce dai na taho da halina daga Kano, inda ko tari maƙwabciya ta yi sai na nemi dalili. Na ce to, Allah ya sa shi ne mai gaskiya.

A sanyin da nake magana, babbar 'yata tana da shekara shida, ƙanenta yana da huɗu, ga kuma ta goye wadda ko zama ba ta fara ba. Dusar ƙanƙara ta sauko ta wuni tana zuba, ta kwana, ta sake wuni, har motocin da ke ƙofar gida suka zama tuddai farare, ba ka gane taka sai ka haƙa. Aka rufe makarantu, jirgin ƙasa ya daina zuwa tasharmu. Maigidana yana aiki a sashen Hausa na wani gidan rediyo a cikin Washington, labarai kuma ba ruwansu da ƙanƙara, don haka aka kama musu ɗakuna a otal kusa da ofis. Sai ya bugo waya ya ce, "Kuna lafiya? Akwai madara?" In ce masa lafiya lau. Me zan ce wa mutumin da ke kwance a gadon otal ana kawo masa shayi?

Lafiya lau ɗin nan kuwa ga yadda take. Yara sun kwashe zannuwana sun yi rumfa a falo. Ɗana ya samo garin tuwo ya barbaɗe kafet da shi, ya ce shi ma ya yi tasa ƙanƙarar. Yayarsa ta manne da taga tana kallon 'ya'yan maƙwabta suna birgima a waje, tana juyowa tana tambayata da Turanci me ya sa su kaɗai ne ba sa fita. Na ce don ni na haife su. Ni a sanina sanyi in ya shiga ƙirjin yaro ba ya fita da wasa, shi ya sa ko a cikin ɗaki da hula suke yawo, ƙirji ya sha man zafi, hita tana aiki kamar gidan burodi.

Ana cikin haka Tanti ta sauko. Ita ce ke hawan sama, mutuniyar Maraɗi, ta girme ni nesa ba kusa ba. Mijinta direban tasi ne, 'ya'yanta kuma suna can gida wajen mahaifiyarta. Yara ne suka fara ce mata Tanti, ni ma na bi su. Ta shigo da kwano a rufe da wani ƙullin leda, ta dubi rumfar, ta dubi garin tuwon, ta kama baki.

"Ke ɗiyar Kano, kin kulle yaran ga kamar kaji. Lakwal babu balle su tai karatu, kasuwa babu, mazan ma babu. To mu yi ƙunshi mana, zaman mi mukai?"

Lalle ne ta kwaɓa tun da safe, irin na gida wanda aka aiko mata. Ƙamshinsa kaɗai sai da ya sa na ji ƙwalla. Ta yi mini a kan yatsu da tafin ƙafa, ta naɗe da ledar kanti, ta ɗora safa a sama. 'Yata ta durƙusa a gabanta ta miƙa hannu biyu. Na ce a yi mata kaɗan, ja kawai. Tanti ta ce ita ba ta san rabin kwalliya ba. Bayan an kwance ya kama ja, ta ɗebi toka a kaskon turaren wutata, ta haɗa da gishirin lalle, wani abu mai warin da ke sa ido ruwa, ta shafa mana a kan jan, hannu da ƙafa, ta sake ɗaurewa. Wannan shi ke mayar da lalle baƙi, haka ake yinsa a wajensu, mu ma kakanninmu haka suke yi.

A ɗaurin na biyu ne abin ya faru. Tanti ta hau sama duba tukunyarta, ni kuma na shiga ɗaki in shayar da ta goye. Sai na ji gidan ya yi shiru, irin shirun da duk uwa ta san ba na alheri ba ne. Na fito, ƙofa a buɗe. Na sami yaran biyu a ƙasa, a bakin ƙofar shiga. Ɗana ne ya murɗa wa yayarsa hannun ƙofa, tunda nata hannuwan a ɗaure suke. Tana tsaye a kan dakali cikin ƙanƙara, ba rigar sanyi, ta cire safar don kada ta jiƙe, ledar kanti ce kawai a ƙafarta, ta ɗaga dunƙulallun hannuwa sama tana tarar abin da ke zubowa. Ba su daɗe ba, ko kaɗan. Na fizgo su ina faɗa da Hausa da iyakar muryata. Da na juya, labulen tsohuwar ya motsa.

Lallen kuwa ya yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Kan yatsun 'yata suka yi baƙi ƙirin har gaɓar farko, na ƙafa ma haka. Ta wuni tana nuna abu da yatsa ba gaira ba dalili, don dai a gani.

Da rana ta fito, aka buɗe hanya, maigida ya dawo da jakarsa da labaran otal. Shi ya matsa sai yaran sun fita. Na naɗe su kamar kayan aike, na goya ƙaramar na bi su don in sa ido. Shi ya tafi can ƙarshen layi da shebur yana haƙo motarmu. 'Yata ta cire safar hannu don ta ji daɗin dunƙula ƙanƙara. Sai ga tsohuwar ta fito za ta zubar da shara. Ta tsaya. Ta ajiye ledar sharar a ƙasa, ta kamo hannun yarinyar tana juya shi, tana latsa kan yatsun, tana tambayarta ko tana jin zafi, ko tana jin taɓawar ma. Sannan ta ɗago ta tambaye ni ko likita ya gani.

Raina ya ɓaci. Ni Turancina in na yi fushi guduwa yake yi ya bar ni. Abin da na iya haɗawa shi ne wannan namu ne, ba ruwanta. Na zare hannun 'yata daga nata, na mayar mata da safar. Ni a zatona ƙyama ce, ta ga kwalliyar baƙar fata ta ɗauka ƙazanta ce. Da na gaya wa maigida sai ya yi dariya, ya ce tsofaffin ƙasar nan kaɗaici ne ke damunsu.

Aka koma makaranta. Ran nan da yamma, yarinyar ta dawo kenan tana cin shinkafa, maigida yana wajen aiki, aka ƙwanƙwasa. Na leƙa ta ɗan ramin ƙofa. Wata doguwar mata ce, baƙar Ba'amurkiya, da takalmin ƙanƙara da kati rataye a wuya. Ta gaisa a mutunce, ta ce daga ofishin kula da yara na gunduma take. Wani ya kira su ya ce akwai yarinya a gidan nan da aka bari cikin ƙanƙara ba takalmi, sai leda a ƙafa, har sanyi ya cinye mata yatsu, kuma ba a kai ta asibiti ba.

Ban gane ba sai da ta yi mini bayani. Ashe a ƙasar nan in sanyi ya ci yatsa, baƙi yake yi daga kai, daidai inda muke sa lalle, daga nan sai ya mutu a yanke shi. Shekarata nawa a duniya ban taɓa jin wannan ba. Da na gane sai dariya ta kuɓuce mini. Ita ba ta yi dariya ba, sai na haɗiye tawa.

Na miƙa mata hannuwana na ce ta duba, ni ma ga shi. Ta duba nawa, ta duba na yarinyar, ta sa aka cire mata safa ta duba ƙafa. Ta ce ta taɓa ganin lalle, amma ja ne da zanen furanni, ba ta taɓa ganin irin wannan ba. Sannan ta nemi izinin zagaya gidan. Ta buɗe firji. Ta taɓa hita. Ta leƙa inda yara ke kwana, ta ce a nuna mata takalmansu na sanyi. Duk abin da idonta ya sauka a kai sai in gan shi yadda baƙo zai gan shi: sauran garin tuwo a gefen kafet, kaskon wuta a ƙasa inda yaro zai iya kaiwa, katifar da muke shimfiɗawa a falo.

Sai ta tambaye ni sunan yarinyar, don ta tabbatar da wanda aka ba ta. 'Yar fari ce, kuma sunan mahaifiyar maigidana ne da ita. Tun da aka raɗa shi bai taɓa fita daga bakina ba, ko a asibiti ubanta ke faɗa. Na san ba wurin kara ba ne, amma harshena ya ƙi. Na juya na ce wa ɗana ya faɗi sunan yayarsa, ya faɗa da ƙarfi yana murna an tambaye shi abin da ya sani. Matar ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Ta yaya zan fassara mata cewa a wajenmu rashin faɗar sunan nan girmamawa ce? Na fara, Turancin ya watse, na bari.

Ta ce dole likita ya duba yatsun, kuma za ta dawo a mako mai zuwa. Na tambaye ta wa ya kira. Ta ce ba a faɗa. Na bi ta har bakin ƙofa, na tambayi abin da ke cina tun shigowarta, ko za su ɗauke mini yara. Ta ce ba abin da ya kawo ta ba kenan, tana dai son ta tabbatar suna cikin aminci, sai ta ga abin da likita zai ce. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Da na rufe ƙofa na ga 'yata a tsaye bayan kujera, cokali a hannu. Na ce ta koma ta ƙarasa abincinta.

Wajen likita bai ɗauki lokaci ba. Mutumin Indiya ne, yana ganin hannun ya yi murmushi, ya ce matarsa ma tana yi. Ya dai ja kunnena kan abin da ake sa wa ya yi baƙi, ya ce yana iya ƙona fatar yaro, ya kuma ce zai sanar da ofishin cewa yatsu lafiyarsu ƙalau. Maigida ya ce shi kenan, magana ta ƙare. Na ce magana ba ta ƙare ba sai matar nan ta zo ta tafi, kuma sai na san wanda ya kira.

Gara in faɗa tun yanzu, har yau ban san ko wane ne ba. Amma a makon nan babu wanda ban ɗora wa ba.

Ta farko tsohuwar ƙasa, wannan ko tambaya babu. Ita ta ga leda, ita ta latsa yatsu. Sai dai kwana biyu da zuwan matar, na buɗe ƙofa na tarar da faranti a rufe, da wani burodi mai zaƙi a ciki, da kuma safar hannu ta yara da aka saƙa da hannu. Na tsaya ina kallonsu. Wannan ban haƙuri ne, ko kuwa tana nuna mini 'ya'yana ba su da safa? Ko so take ta ga zan karɓa, ta ƙara a cikin abin da za ta faɗa? Na hana yara cin burodin. Maigida ya dawo ya cinye rabi a tsaye, ya ce da kirfa a ciki.

Sai malamar ajin yarinyar. Ai ta wuni da hannun nan a gabanta, kuma an ce su dole ne su kira in sun ga abin da bai kwanta musu ba. Amma malama ina ta ga leda? To ko yarinyar ce ta ba da labari a aji? Na tambaye ta, ta ce ba ta faɗa wa kowa ba, ta sunkuyar da kai. Na sake tambaya ta wata hanyar, ta sake cewa a'a. Sai mai gyaran hita na gidan, wanda ya shigo mana ana tsakiyar ƙanƙara yana ta waige-waige. Sai matar da ke ƙetaren layi, wadda ba ta taɓa amsa gaisuwata ba.

Har Tanti ban bari ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Matar da ta fi shekara goma a ƙasar nan, a ce ba ta san yadda Turawa ke ganin baƙin yatsa ba? Na ce ja, ta ce baƙi. Kuma me ya sa ta hau sama daidai lokacin da yaran suka fita? Na tuna wata rana da ta ɗauki ta goye ta ce, "Ke dai kin ji daɗi, naki na gabanki." A lokacin tausayinta na ji. Yanzu sai maganar ta dawo mini da wata fuska. Da ta sauko yi mini jaje, a bakin ƙofa na tsayar da ita, na ce yara na barci, alhali ana jin ɗana yana tuƙa mota da baki.

"Wallahi ban san haka za ta zama ba," in ji ta. "Ni da nika zuwa asibiti wurin lokotoro da hannuna haka, ba wanda ya taɓa ce mini komi."

Na ce ai ba komai, ƙaddara ce. Ta dube ni, ta gane, ta hau sama a hankali. Da yamma ta aiko mijinta da dambun zogale. Na ci, don dambunta ba a mayar da shi, amma ina ci ina tunani.

Maigida ma bai tsira ba. Ya ce bai gaya wa kowa ba sai abokin aikinsa ɗaya. To daga abokin nan labari ya isa wajen matan Hausawanmu na Alexandria, ya isa na Mitchellville, waya ta dinga ƙara. Kowace ta kira sai ta fara da "Ashe abin da ya faru kenan?" sannan ta kawo nata labarin, na wasu mutane a wata jiha da aka kwashe musu yara saboda abin da bai kai wannan ba. Babu wadda ta san mutanen, kowa ji ta yi. Ina tsaye a kicin da waya a kunne ina cewa innalillahi, ina maimaita abin da aka faɗa, ina kuma auna muryar mai maganar ko jaje take yi ko daɗi take ji.

Gidan ya canja. Na hana ɗana tsalle, na hana shi gudu, in zai je banɗaki sai a kan yatsun ƙafa. Ta goye tana buɗe baki zan toshe shi da nono, kada a ji kuka a ƙasa. In za mu sauka, sai in ce wa babbar ta sa hannu a aljihu har mu wuce tagar. Kasko ya koma saman kabad. Na goge gidan har inda ba a gani. Yaran da suka hana ni sakat da surutu suka koma magana da raɗa, ni kuma a lokacin daɗin hakan na ji.

Ana gobe matar za ta dawo, da safe, ina shirya ɗana, na ji famfon banɗaki yana ta zuba. Na ƙwala wa yarinyar kira na ce ruwan nan ba na rijiya ba ne. Ba ta amsa ba. Na tura ƙofa. Tana tsaye a kan 'yar kujerar da suke takawa su kai famfo, da soson ƙarfe na wanke tukunya a hannunta. Ta gama da hannun hagu, tana kan na dama. Ruwan da ke gangarawa jaja-jaja ne. Ba ta kuka, ta dai cije leɓe, tana dirza kamar mai kankare ƙanzo.

Na ƙwace soson. Fatar kan yatsu uku ta saluɓe, baƙin kuma yana nan daram a farce da gefe. Na ce, "Ke, me kika yi haka?" Ta ce da Turanci so take ya fita kafin gobe.

Na zauna a bakin bahon wanka. Jiya yatsun nan lafiyarsu ƙalau, har likita ya shaida. Yau ga ciwo na gaske, da jini, a hannun yarinyar da hukuma za ta zo dubawa, a gidan uwar da ta kasa faɗar sunanta. Na wanke, na shafa magani, na naɗa filasta. Ranar ba ta je makaranta ba.

Ban san wa zan nufa ba, sai na ga ƙafata ta kai ni hawan sama. Tanti ta sauko ta duba, ta yi salati. Ta ce a kai yarinyar can Mitchellville, gidan wata 'yar'uwarta, a ce ta tafi ziyara, in ya warke a dawo da ita. Na ji shawarar ta shige ni, sai kuma na ji tsoronta. In na ɓoye yarinya aka gano, wa zai ƙara yarda da ni? Kuma me ya sa Tanti ke son in yi abin da zai ƙara jefa ni ciki? Na kira maigida a ofis. Ya ce, "Ba inda za ta. Abin da ya faru shi za mu faɗa. Gobe ina gida." Na ce shi komai a wajensa mai sauƙi ne. Ya ce ba mai sauƙi ba ne, muryarsa kuma ta nuna hakan.

Washegari matar ta zo da hantsi. Tun kafin ta cire takalmi idonta ya sauka a kan filastar. Maigida ya yi mata bayani da Turancinsa na rediyo, tiryan-tiryan, har ya ɗauko soson ya nuna mata. Ta saurara ba ta katse shi ba. Da ya gama ta ce tana son ta yi magana da yarinyar su biyu kawai.

Na so in ce a'a. Maigida ya girgiza mini kai. Suka shiga ɗakin yara, aka tura ƙofa ba a rufe duka ba. Mu muka koma kicin, shi da ɗana a cinya, ni da goyo ina jijjigawa ko da ba kuka take yi ba. Ina jin muryar matar ƙasa-ƙasa, sai shiru, sai 'yar siririyar muryar 'yata. Ban iya tsintar ko kalma ɗaya ba. Duk abin da na mallaka a duniya yana bakin yarinya 'yar shekara shida, ni kuma an ce in tsaya a kicin. Na karanta duk addu'ar da na sani, na koma farko. Na tuna duk tsawar da na taɓa daka mata, da ranar da na ɗaga mata silifa, ina tunanin wanne za ta faɗa.

Da suka fito, matar ba ta dube mu nan da nan ba. Ta tsaya tana gyara igiyar katinta. Sannan ta ce likita ya kira su, ta kuma ji abin da take son ji, ba ta ga dalilin sake dawowa ba. Ta ce a riƙa canja filastar, a ɗaga soson sama. A bakin ƙofa ta juyo kamar za ta ƙara wani abu, sai kawai ta ce mini in zauna da yarinyar yau, in bar aikin gida.

Ko wannan ban yarda da shi ba. Na tsaya a taga ina kallonta ta bi ta tsakanin tarin ƙanƙarar da ta fara yin datti, ina jiran in ga ko za ta tsaya a ƙofar wani. Ba ta tsaya ba. Ta shiga motarta, ta daɗe a zaune ba ta tayar ba, sannan ta tafi. Maigida ya ce alhamdulillahi, ya saki ɗana, yaron ya diro daga kujera da dukkan ƙarfinsa, ba wanda ya ce masa kanzil.

Ina nan a tagar na ji an ja gefen zanena. 'Yata ce, ta riƙe shi da yatsu biyun da ba filasta.

"Umma, na faɗa daidai?"

Na ce me ta faɗa.

Ta ce ta gaya wa matar Tanti ce ta yi mata lalle kuma ita ta roƙa, ita ta fita waje da kanta, ita ta ɗauki soso. Sai ta leƙa ta ga ƙanenta ya yi nisa, ta rage murya.

"Kuma na ce mata in dole sai an tafi da wani, ni za a tafi da ni, tunda hannuna ne. Shi ba ya iya barci in ba kya nan."

Mako guda tana ɗauke da wannan ita kaɗai, har ta gama shawara ta zaɓi wanda za a bayar. Na durƙusa na ce mata ba mai tafiya da kowa, ba yau ba, ba gobe ba. Ta gyaɗa kai irin na wanda ya ji amma zai jira ya gani, sannan ta tambaye ni ko yanzu za ta iya cire takalminta, don tun asuba take sanye da shi.